Babi na Bakwai: Keke a Gindin Duwatsun Birunga

Kafin rana ta leƙo garin Musanze, hanyar da ta gangaro daga Kinigi ta riga ta cika da kekuna. Ba ka ganin su sai sun zo daf da kai, domin hazo yakan kwanta a kan gonaki har hantsi, amma kunnenka na ba ka labarinsu: ga ƙararrawa, ga kukan birki, ga fito irin na mai neman a kauce masa. Kowane keke na ɗauke da buhun dankalin Turawa biyu, wani ma uku, an ɗaure su tamau da igiyar roba da aka yanko daga tsohuwar taya. Mai keken ya duƙa, ƙirjinsa kamar zai taɓa kan keken, ƙafa ɗaya a feda, ɗayar tana jiran ta taimaka wa birki. Ranar farko da na tsaya a bakin wannan hanya da keken haya mai giya barkatai, ga hular kwano a ka, ga gorar ruwa a gefe, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, hanyar nan tana da masu ita, kuma sun riga ni tashi.

Musanze, wadda dattawa har yanzu suke kira Ruhengeri, tana arewacin Ruwanda, a bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,850 daga matakin teku. Wanda ya san Jos ya ƙara mata mita ɗari shida, to ya iso. Idan hazon ya yaye sai duwatsu biyar su bayyana a jere, sun tokare sama ta arewa da yamma. Mutanen ƙasar suna kiran irin waɗannan duwatsu masu aman wuta *ibirunga*, daga nan Turawa suka samo sunan da suke rubutawa a taswira. Kowanne da sunansa, kuma sunan yana faɗin kamanninsa. Karisimbi ne babbansu, mita 4,507, sunansa ya samo asali daga farin da kan rufe kansa idan ƙanƙara ta zuba. Muhabura, mita 4,127, shi ne "jagora", domin matafiyan dā da shi suke gane hanya tun daga nesa. Sabyinyo kuwa samansa a gigiɓe yake kamar haƙoran tsoho, sunan ma daga haƙori ya fito, kuma a ƙololuwarsa ne iyakokin Ruwanda da Yuganda da Kwango suka haɗu. Sai Bisoke mai tafki a cikin bakinsa, sai ƙaramin cikinsu, Gahinga. Biyar ɗin nan sun daɗe da yin shiru. 'Yan'uwansu biyu da ke tsallaken iyaka, Nyiragongo da Nyamuragira, su ne har gobe ba su huce ba.

Yawancin baƙin da ke zuwa nan gwaggon biri suke zuwa gani. Mutum zai biya dala 1,500 a ba shi sa'a guda tare da dabbobin, mota ta ɗauko shi daga otal, ta mayar da shi. Ba na raina wannan, domin kuɗin ne ke riƙe da gandun dajin da dabbobin ke ciki, har ana ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga don ayyukan ƙauyukan da ke kewaye. Sai dai mai zuwa a mota ta tagar gilashi yake kallon ƙasar. Mai keke kuwa cinyoyinsa ne ke auna masa kowane tudu, kuma a cikin kwana biyu zai gane cewa duk abin da yake gani a hanya, daga hawan da ke sa shi haki har buhun da ya wuce shi a guje, dutsen nan ne ya haife shi.

A fara da ƙasar noma. Tokar da duwatsun suka yi ta fesowa shekaru aru-aru, da narkakken dutsen da ya malalo ya daskare, su ne suka rududduge suka zama baƙar ƙasa mai laushi wadda ke riƙe danshi. Haɗa ta da sanyi da yawan ruwan sama, ka sami gidan dankali. Wannan yanki shi ne rumbun dankalin Ruwanda, har akwai irin da ake kira da sunan Kinigi, wanda masu saye a kasuwannin Kigali ke nema da suna. Mutumin Najeriya ba zai ji abin baƙo ba: dankalin da ake saukewa a kasuwannin Kano daga Filato yake fitowa, ta wajen Bokkos da Mangu, kuma a can ma akwai matattun duwatsu masu aman wuta a Kerang da Panyam. Bambancin shi ne cunkoso. Ruwanda gaba ɗayanta ba ta fi jihar Sakkwato girma da wani abin kirki ba, amma ƙidayar 2022 ta sami mutum sama da miliyan 13 a cikinta. Don haka babu saura, babu fako. Gona tana bin gona har gindin daji, dankali nan, wake mai hawa sanda can, masara a tsakani.

Tsakanin Musanze da Kinigi kwalta ce mai kyau, hawa ne a hankali wanda ba ya nuna kansa sai ka waiwaya. Daga Kinigi ne za ka saki kwalta ka shiga hanyoyin ƙauye, a nan kuma za ka haɗu da *amakoro*. Haka suke kiran baƙaƙen duwatsun nan masu huji-huji kamar soso, masu kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Manomi ba ya iya sa fartanya sai ya tsince su, ya tara su a gefen gona. Da su ake shinge, da su ake harsashin gida, da su ake cike ramin hanya. Da su ne ma aka gina katangar da ta bi iyakar gandun dajin, tsawon sama da kilomita 70, don hana ɓauna fitowa ta yi wa mutane ɓarna. Ga mai keke kuwa *amakoro* jarrabawa ne. Suna girgiza ka har hannu ya mutu, suna cin gefen taya, kuma idan ka faɗi a kansu ba ƙujewa za ka yi ba, yankewa za ka yi. Maganinsu taya mai faɗi, a rage mata iska kaɗan, a saki jiki a bar keke ya zaɓi hanyarsa. Sau biyu tayata ta yi faci a wuni ɗaya. A karo na biyu wani mai gyara da ke zaune a gindin bishiyar turare ya karɓi keken, ya liƙe hujin da guntun tsohuwar roba, ya shafa yatsa a cikin tayar har ya zaƙulo ɗan tsinin dutsen da ni ban gani ba. Ya miƙo mini shi a tafin hannu, muka yi dariya, ba mu da harshe ɗaya sai na *murakoze*, wato na gode.

A waɗannan hanyoyi ne za ka ratsa gonakin wani farin fure mai rawaya a tsakiya, mata sun duƙa suna tsinka suna zubawa a kwando. Da shi ake haɗa maganin sauro da na ƙwari, kuma Ruwanda tana cikin ƙasashe ƙalilan da ke noma shi don sayarwa waje. Furen yana da kyau, amma tarihinsa da ɗaci. An keɓe dajin nan tun 1925, zamanin mulkin Beljiyam, yana cikin gandayen daji na farko da aka kafa a Afirka. A ƙarshen shekarun 1960 aka yanki babban ɓangare nasa aka sare don noman wannan fure, daidai lokacin da Ba'amurkiyar nan Dian Fossey ta kafa sansaninta na binciken gwaggon biri tsakanin Karisimbi da Bisoke, a 1967. Idan kana tafe a gefen katangar, gona a hannun hagu, gora da duhuwa a hannun dama, kana bin layin da aka ja ne tsakanin cikin mutum da ran dabba. Ban ga laifin manomin ba, ban kuma ga na birin ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwa. Ƙasa ce da sama ke zubar mata da ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma ko'ina ka duba yara ne da jarkoki masu ruwan ɗorawa, wasu a ka, wasu an jera shida ko takwas a kan keke ana turawa. Dalilin yana ƙarƙashin tayarka. Dutsen da ya daskare cike yake da kafofi da koguna, har a cikin garin Musanze akwai dogayen kogunan da narkakken dutse ya bari bayan ya wuce, ana shiga da fitila. Ruwan sama na sauka sai ƙasa ta shanye shi, ya bi ta ƙarƙashi, ya je ya ɓullo can nesa a kwari. Mutumin da ke zaune a gindin dutse yana iya kwana ruwa na dukan kwanon ɗakinsa, gari ya waye ya tafi neman na sha. Shi ya sa za ka ga tankuna a jikin makarantu da gidaje, an haɗa su da indararo.

Wuni na uku na nufi gabas, wajen tagwayen tafkuna, Burera da Ruhondo. Su ma aikin dutse ne: narkakken dutse ya toshe wa ruwa hanya, ya taru a kwaruruka, shi ya sa bakinsu ya yi ta lanƙwasa yana shiga tsakanin tuddai kamar yatsu. Burera ya ɗara Ruhondo tudu da kimanin mita ɗari, siririn tudu ne ya raba su, kuma a nan aka kafa tashar lantarki ta Ntaruka tun kafin samun 'yancin kai. Ruwan Burera daga fadamar Rugezi yake zuwa. Da aka matsa wa fadamar da noma da yanke magudanai, a farkon shekarun 2000 ruwan ya ja baya har wuta ta yi ƙaranci a ƙasar, sai da gwamnati ta hana noma a cikinta kafin tafkin ya farfaɗo. Hanyar da ke bin saman tuddan nan jar ƙasa ce, ba ta da wuri miƙaƙƙe ko na taku ɗari. Ka hau, ka gangara, ka sake hawa. A kan wani tudu na tsaya ina mayar da numfashi, Muhabura ya kifa inuwarsa a cikin ruwa, wata tsohuwa da ke saƙa wake a jikin sanda ta ɗago ta ce mini, "*Komera!*" Kalmar da za ka fi ji ke nan a bakin hanya. Ma'anarta ka yi ƙarfi, ka daure, kusan yadda mu za mu ce sannu da ƙoƙari.

Su wa suka fi cancanta a yi wa wannan gaisuwa? *Abanyonzi*, masu kabu-kabun keke. Kekensu irin baƙin nan ne mai giya ɗaya da kakanninmu suka sani, sai dai an ƙara masa ƙarfe a kariya, an ɗora katifar zama mai ado, an ninka wayoyin ƙafar baya. Da safe ya kai ɗan makaranta, da hantsi ya ɗauko madara ko gawayi, da rana ya sauko da dankali. Idan hawa ya yi tsanani sai ya sauka ya tura, kafaɗa a jikin buhu, wani lokaci ya ɗauki yaro ya taya shi. Iskar wannan tudu ba ta ƙosar da huhu kamar ta ƙasa, don haka jikin wanda ya tashi a nan yakan saba, jininsa ya ƙara ƙarfin ɗaukar iska. Saurayin da ya shekara biyar yana wannan aiki ya riga ya yi horon da ɗan tseren Turai ke biyan kuɗi ya je tsaunuka ya yi.

Wannan ne ya jawo hankalin wasu Amurkawa biyu, Tom Ritchey mai ƙera kekuna, da Jonathan Boyer, Ba'amurke na farko da ya shiga gasar Tour de France. A 2007 aka kafa ƙungiyar 'yan tseren ƙasa, kuma da dama daga cikin samarin da suka shige ta daga kabu-kabu suka fito. Wanda ya fi shahara a rukunin farko shi ne Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa 'yan'uwansa maza shida a kisan ƙare dangi na 1994, ya kuma riƙe tutar Ruwanda a wasannin Olamfik na Landan a 2012. Cibiyar horar da su tana nan Musanze a kan hanyar Kinigi. Gasar zagaya ƙasa, Tour du Rwanda, ta faro tun 1988, ta shiga jadawalin hukumar tseren keke ta duniya a 2009, kuma daga 2014 zuwa 2018 'yan gida ne suka yi ta lashe ta: Valens Ndayisenga sau biyu, Jean Bosco Nsengimana, Joseph Areruya, da Samuel Mugisha. A watan Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar cin kofin duniya ta tseren keke a kan titi, karo na farko a Afirka. Tseren maza ya kai kilomita 267, jimillar hawan da ke cikinsa ta haura mita 5,000, Tadej Pogačar ɗan Sulobeniya ya yi nasara, kuma mafi yawan waɗanda suka fara ba su kai ƙarshe ba. Na so a ce waɗanda suka kalli wannan a talabijin sun ga mai dankalin Kinigi. Ba shi da mai ba shi ruwa, ba shi da motar da ke bin sa da keken canji, kuma gobe ma zai fito.

Daga Musanze zuwa Rubavu, a bakin tafkin Kivu, kimanin kilomita 60 ne a kan kwalta. Rabin farko hawa ne, ta Mukamira, har ka wuce mita 2,000 da nisa, inda sanyi ke ratsa riga, shanu ke kiwo a korayen tuddai. A nan ne ya kamata ka tsaya a shagon madara ka sha *ikivuguto*, wanda ba shi da maraba da kindirmo. A wannan hawa za ka ga abin da ke tayar da hankali: samari uku ko huɗu sun kama bayan babbar mota da hannu ɗaya, tana jan su da kekunansu. 'Yan sanda suna hanawa, ana kuma rasa rayuka a haka. Amma wanda ya taɓa tura kaya a wannan tudu ya san abin da ke kai hannu ga ƙarfen motar.

Sai gangara. Kusan mita dubu za ka sauka, kana ratsa gonakin shayi na Pfunda, kunnuwa na toshewa, iska na ɗumi a hankali, ayaba na maye gurbin dankali. Kada ka danne birki ka riƙe, ƙarfen zai yi zafi ya daina kamawa. Ka riƙa dannawa kana saki. Can sai tafkin ya buɗe a gabanka, ga kuma Nyiragongo ta hannun dama yana hayaƙi. Rubavu, wadda aka fi sani da Gisenyi, manne take da birnin Goma na Kwango, shinge kawai ya raba su. A watan Janairun 2002 narkakken dutse daga Nyiragongo ya ratsa tsakiyar Goma har ya faɗa tafki, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallako nan. A watan Mayun 2021 dutsen ya sake amai, girgizar da ta biyo baya ta tsattsaga gidaje da tituna a Rubavu. Ba dutse kaɗai ke korar mutanen Goma ba. A Janairun 2025 'yan tawayen M23 suka ƙwace birnin, kuma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun daɗe suna zargin Ruwanda da mara musu baya. Mai yawon buɗe ido da ke shan shayi a bakin ruwa bai kamata ya manta da abin da ke bayan shingen ba.

Shi kansa tafkin, da yake kwance lumui a mita 1,460, yana da nasa sirrin. A dā ruwan wannan kwari arewa yake bi ya shiga kogin Nilu, sai duwatsun suka taso suka tare shi, ya juya kudu ta kogin Ruzizi zuwa tafkin Tanganyika. Zurfinsa ya kusa mita 500, kuma a can ƙasa akwai iskar gas mai ɗimbin yawa narke a cikin ruwa, irin mai kamawa da wuta da irin mai shaƙe numfashi. Mutanen Kamaru sun san ma'anar wannan: a 1986 tafkin Nyos ya saki irin wannan iska cikin dare, ta kashe mutum sama da 1,700. Kivu ya ninka Nyos girma nesa ba kusa ba, kuma miliyoyin mutane ke zaune a gaɓarsa. Yanzu akwai injuna a kan ruwa ta wajen Karongi da ke zuƙo gas ɗin ana mayar da shi lantarki.

Daga Rubavu ne hanyar da aka fi sani ta fara, wadda aka buɗe a 2011 aka sa mata sunan Kwango da Nilu, saboda tsaunin da ke raba ruwan manyan kogunan biyu. Kilomita 227 ce zuwa Rusizi, kwana goma a ƙafa, kamar biyar a keke. Wanda zai bi ta ya zo tsakanin Yuni da Satumba, ko Disamba zuwa Fabrairu. A watan Afrilu jar ƙasar nan takan zama sabulu. Ya bar leda a gida, an hana ta tun 2008. Idan Asabar ɗin ƙarshen wata ta riske shi, ya san safiyar ta *umuganda* ce, aikin gayya na ƙasa baki ɗaya, shaguna a rufe, kuma sau da yawa hanyar da zai bi ce ake gyarawa. Masallatai suna cikin manyan garuruwa, a ƙauye kuwa sai ya nemi gefen gona ya shimfiɗa abin sallarsa, ba mai tsangwamarsa. Ya kuma ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, domin baƙo ko da ido makaho ne, kuma kuɗin yana shiga aljihun da ya dace.

Zangon farko, zuwa Kinunu, bai kai nisan Musanze da Rubavu ba, amma ya fi shi cin rai. Hanya na sauka har bakin ruwa, ta sake miƙewa sama ta cikin gonakin kofi da ayaba, sau nawa ban ƙirga ba. A hawa na ƙarshe na sauka ina turawa. Gabana wani magidanci ne da buhun 'ya'yan kofi jajaye a kariya, yana sauri ya kai su wurin wanki kafin dare, domin idan suka kwana sun lalace, farashinsu ya faɗi. Muka jera, ba mai magana, sai numfashi da ƙarar tsakuwa. Da muka kai ƙoli ya ɗaga mini hannu, ya haye, gangara ta tafi da shi.

Ni na tsaya. Rana ta faɗa bayan tsaunukan Kwango, masunta sun fara fitowa da jiragensu da ake haɗa uku-uku da dogayen sanduna, suna tuƙi suna waƙa murya ɗaya, za su kwana a tsakiyar ruwa suna kamun *sambaza*, 'yan ƙananan kifayen da ake soyawa a ci har ƙaya. Da duhu ya sauka suka kunna fitilu, tafkin ya cika da ɗige-ɗigen haske har iya ganin ido. Na kunna tawa fitilar, na gangara Kinunu a hankali, hannuna biyu a kan birki.